Wa Ya Ɗauke Ɗan Tsani Na Biyu

Ranar Litinin da safe Walter mai gyaran rediyo ya taho daga Wusasa ya buɗe shagonsa da ke hanyar Ƙofar Kuyambana. Kwaɗon ƙofa lafiya lau. Talabijin tana nan, injin wasan yana nan, kaset-kaset talatin da ɗoriya suna jere yadda ya bar su ranar Asabar. Guda ɗaya tal ce babu. A kan wannan guda ɗayar ƙaton mutum mai mata da 'ya'ya uku ya zauna a dandaryar ƙasa ya dafe kai kamar an aiko masa da rasuwa.

Ba a neme ni ba sai Alhamis. Haka mutane suke, sai sun tattake wuri sun gama zargin juna sannan su tuna da mai bin sawu.

Sunana Adamu. Aji biyu na yi a boko na ga ba za ta fisshe ni ba. Shekara talatin ina bin sawun ɓarayin dabbobi, na taɓa bin saniya daga gindin dutsen Kufena har kwana shida, na dawo da ita da ɓarawon a igiya ɗaya. To ni ne Mai unguwa Shehu ya aika a kira a shekarar 1995, shekarar da damina ta yi jinkiri har aka fara fita roƙon ruwa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, me aka sace?"

Ya ce, "Kaset."

"Na wa'azi ko na kiɗa?"

"Na wasa."

Na ɗauki sandata zan tafi. Ya riƙo hannun rigata ya ce, "Malam Adamu, samarin unguwa sun ce Bahago mahauci ne ya ɗauke, kuma jiya sun tare shi. Ka san Bahago da wuƙa yake yawo. Taimaka mini kafin a yi abin kunya."

Don haka na zauna, ba don robar kaset ba.

*

Shagon ɗaki ɗaya ne, rabi gawarwakin rediyo, rabi benci biyu da talabijin. Nan magidanta masu gemu suke taruwa bayan la'asar, su riƙe wata 'yar roba mai igiya suna dannawa suna ihu. Ƙasa siminti ce, kuma ƙafa ta fi ɗari ta bi ta kai. Sawu kam sai dai a yi haƙuri.

Na ce wa Walter, "To Injiniya, faɗa mini abin da ya ɓata, amma da Hausa."

Ya yi bayani mai tsawo, ga abin da na tsinta. Akwai wani tsohon wasa da suke kira Ɗan Tsani. Wani ɗan mutumi ne kamar ƙwaro yake hawa tsani yana tsintar makullai, dodanni suna binsa. Mataki talatin ne, in ka gama shi ke nan. Waɗanda suka ƙera shi a can ƙasarsu ba su yi na biyu ba, ba su ma san akwai Zariya a duniya ba. Shi ne Walter ya ga bari shi ya yi musu.

Ya fasa kaset ɗin, ya ciro wata baƙar aba mai ƙafafu kamar kyankyaso, ayisi yake ce mata, a cikinta wasan yake. Wajen cirowa zafin ƙarfen narka dalma ya lalata ta, amma kafin ta mutu gaba ɗaya wani abokinsa mai kwamfuta a Kaduna ya kwashe abin da ke ciki. Shekara biyu Walter yana zane a takarda mai gida-gida, duk Asabar ya hau mota zuwa Kaduna. Wurin da ke cikin ayisi kaɗan ne, ba ya ɗaukar tsoho da sabo, don haka duk mataki ɗaya da ya ƙara sai ya share na da. Ya sa wa ɗan mutumin hula, ya yi ganuwa, ya yi marina, mataki na ƙarshe kuma dutsen Kufena. Aka zuba a sabuwar ayisi aka maƙala.

Na ce, "To ka koma Kaduna a sake zuba maka mana."

Ya ce, "Abokin nawa ya koma Legas da injinsa. Faifan da muka ajiye ya yi funfuna. Takardun kuma matata Clara ta ga sun cika mata ɗaki, ta ba mai ƙosai. Malam Adamu, a duk duniya babu wani sai wannan."

"Duniya ta yi asara," na ce.

Bai ji haushi ba, hankalinsa ba ya jikinsa.

Na durƙusa ina shafa ƙarƙashin benci, don ɓarawo in bai bar ƙafa ba yakan bar hannu. Yatsana ya taɓo wani abu mai danƙo. Na ɓaro shi: ɗan baƙin salatif ne, faɗinsa bai fi farcen babban yatsa ba, da ɗan huji a kusurwa kamar an ɗaga shi da tsinin wani abu.

Da Walter ya gani sai ya miƙe tsaye, ya koma ya zauna.

"An ɓare," ya ce. "Wayyo, an ɓare."

Ashe ita sabuwar ayisin tana da 'yar taga ta gilashi a bayanta. Ta yi tsawo, murfin kaset ɗin ba ya rufuwa, don haka ya yanke robar, bayanta yana waje, ya liƙe tagar da salatif. In hasken rana ya daɗe yana shiga ta nan, duk abin da aka zuba sai ya zube.

"Kwana nawa?"

"A irin wannan ranar? Bakwai. Goma in an yi sa'a."

"Wa ya san haka?"

"Kowa ya sani. Kullum sai na faɗa, kada wanda ya taɓa salatif ɗin nan, rana tana cinye abin da na zuba."

"Makulli fa?"

Ya nuna wani tsagin bango a saman ƙofa. Mutum uku ne suka san da shi, su ne suke buɗe shago in ya tafi Kaduna: Bahago mahauci, Yunis akawu a unguwar Kongo, da Zailani mai ɗinkin riga.

An ɗauka ran Lahadi yana coci. Yau kwana biyar ke nan.

*

Na sami Bahago a teburinsa yana sarar ƙashi, idonsa ɗaya a kumbure.

Na ce, "An ce ka rantse sai ka farfasa kaset ɗin."

"Na faɗa! Gobe ma zan faɗa!" Ya kafa wuƙa a katako. "Baba Adamu, ka san mataki na tara? Na marina? In ka yi tsalle ta hagu sai abin ya daskare, ɗan mutumin ya tsaya a sama kamar an rataye shi. Ni kuma bahago ne, ta hagu nake komai. Sau goma sha ɗaya! Na ce masa, Oga Walter gyara wannan. Wai in ya gyara na tara, na sha biyu zai lalace. Wannan aiki ne?"

"Shi ya sa ka ɗauke."

"In ɗauke in kai ina? Ban da talabijin, ban da wuta. Kuma ni da na kama shi, a gabansa zan sa masa gatari, ba ran Lahadi a ɓoye ba."

Na dubi hannunsa. Yatsu kamar rogo, farce a guntule, duk maiƙo. Wannan hannun ba zai ɗaga salatif ta kusurwa ya bar shi da tsabta ba. Wawa ne, amma ba shi ba ne.

*

Yunis na tarar a Tudun Jukun, ya dawo daga ofis yana goge takalmi. Irin 'yan bokon nan ne da ba sa iya gama magana sai sun tsoma Turanci.

"Malam Adamu, ni fa bizines nake gani a abin nan. Na kawo masa wani mutum daga Sabon Gari, zai aika da shi waje a buga dubu, a sa hoto a kwali. Walter ya ƙi. Wai wasan ba nasa ba ne, na masu shi ne, shi kwaskwarima ya yi. Wa zai zo daga bangon duniya ya kama shi a Kuyambana? Kuma mutumin ya ce ko ya ƙi, in ya shiga kasuwa wani zai kwafa ya sa sunansa."

"Ka taimaka masa ya shiga kasuwar ke nan."

"Haba! Ran Lahadi ina garin Giwa ɗaurin aure, mota guda muka cika, tambayi kowa."

Na nuna masa salatif ɗin. Ya saki burushi.

"Wane jahili ne ya ɓare wannan? Ai ya kashe kaya!"

Gaskiyarsa. Mai son sayar da saniya ba ya ɗaure ta a rana ta rame.

*

Juma'a bayan an sauko na je zauren Zailani. Siririn mutum ne, mai tsabta, yana zaune a tabarma da babbar riga a cinya yana aikin aska, zanen nan na gaban riga, da allura. Ya gaishe ni da ladabi har ya yi yawa.

Na ce, "An ce kai ne gwanin wasan."

"Na da, Baba." Bai ɗago ba. "Na da ni kaɗai na taɓa gama shi a birnin nan. Mataki talatin, da rai ɗaya. Har daga Samaru ɗalibai sun zo kallo. A lokacin ba a kirana Zailani, sai dai Sarkin Tsani."

"Sabon fa?"

"Sabon ai ba wasa ba ne. Ka ɗauki rigar da gwani ya ɗinka, ka ba ɗan koyo ya ɗora mata nasa shirmen a kai. Na da, kowane tsani da dalilinsa. Wannan kuwa an sa hula, an sa ganuwa, kowa na tafi don ya ga garinsu. Ni a mataki na huɗu nake mutuwa, Baba. Ni! Bahago ma ya wuce ni."

"Ran Lahadi kana ina?"

"Nan, ina aiki."

Na dubi allurarsa. Amma a birnin Zazzau allura ba shaida ba ce, kowane zaure akwai goma. In na kama mutum a kan hujin allura sai in kama rabin gari. Na yi masa sallama.

A bakin lungu Jummai mai waina take da tanda. Na zauna na ce ta zuba mini, don mai bin sawu da bai san darajar masu tuya ba bai fara aiki ba. Ana ta hirar fari, gero ya bushe a gona, an sake fita roƙon ruwa.

Ta ce, "Kowa na roƙo, ban da maƙwabcin nan nawa. Shekaranjiya ɗan hadari ya taso ta gabas, muna ta hamdala, shi ko yana tsaye nan na miƙa masa waina, sai ya dubi sama ya ce innalillahi, ya bar ni da hannu a miƙe ya ruga gida. Kamar matar da ta shanya gari! Hadarin ma bai yi komai ba ya watse."

"Wane maƙwabcin?"

Ta nuna zauren da na fito da baki.

Na cinye wainata a hankali. Da na bi ta bayan gidan na ga ƙasa a gindin bango ta lotsa wuri biyu, ramu biyu sababbi, an sha dasa tsani a wurin. Amma tsanin yana ciki, kuma gidan mutane ne da mata a kulle. Ba zan haura soron wani a kan maganar mai waina ba. In na yi kuskure na ci mutuncin gida, in na yi daidai kuma ya ji motsina, kafin in hau ya jefa abin a masai.

Na koma na gaya wa Mai unguwa ina son mutanen nan uku a ƙofar shagon Walter, amma ni zan faɗi lokaci.

Walter ya ce, "Yaushe? Kwana shida fa ke nan!"

Na ce, "Sai sama ta ba da izini."

Ya dube ni kamar zai yi kuka. Ban gaya masa komai ba, don irinsa ba ya riƙe magana.

*

Asabar rana ta ƙwalle tun safe, babu ko ƙyallin gajimare. Walter ya wuni a bakin ƙofa yana kallon inuwarsa. Sai Lahadi bayan azahar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ƙyauren mutane. Na aika a kira su.

Aka shimfiɗa tabarma a waje. Mai unguwa a kujera, Walter ya zo da kayan cocinsa bai ko canza ba, Bahago da Yunis da Zailani a jere, 'yan kallo sun yi da'ira.

Na ce, "Ranka ya daɗe, sharaɗi ɗaya. Duk wanda ya tashi kafin in gama magana, shi ne ɓarawo."

Kowa ya ce ya yarda.

Sai na fara ba su labarin saniyar da na bi kwana shida. Na faro tun daga kakar mai saniyar. Na faɗi launinta, na faɗi yadda ƙahonta na hagu ya karkace, na faɗi abin da na ci a kowane ƙauye. Aka yi tsawa.

Yunis ya ce, "Malam Adamu, wai ina wannan ya haɗu da kes ɗinmu?"

"Kana sauri ne? Tashi."

Ya gyara zama.

Na shiga kwana na biyu. Iska ta ɗauke hular wani, yara suka fara waƙar ruwa a lungu. Bahago ya washe baki yana kallon sama, don yana da gona a bayan ganuwa. Zailani ma sama yake kallo, amma shi sai murza yatsu yake.

Ɗigo na farko ya faɗo a kan tabarma, babba, kamar kwabo.

"Baba," in ji Zailani, "ko mu koma ciki, a ƙarasa gobe?"

"A'a, ai ruwan rahama ne, mun daɗe muna roƙo. To da gari ya waye a kwana na uku..."

Ɗigo ya zama goma, ya zama ɗari. Ina kallonsa ta wutsiyar ido. Da ƙiyayya ce kawai ta sa shi, da ya zauna daram ya bar ruwa ya ƙarasa masa aiki. Amma na ji yadda ya yi maganar rigar gwani.

Ban kai kwana na huɗu ba ya zabura, ya bar takalmi ɗaya a tabarma, ya yanka lungu da gudu.

Ban ko yi sauri ba. Ƙasa ta jiƙe, ga sawu nan ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, ko makaho ya bi. A duk aikin nan sawun da na samu ke nan. Muka tarar da shi yana saukowa daga soro a kan tsani, ya jiƙe sharkaf, ya cusa kaset ɗin cikin riga ya rungume kamar jariri.

Bahago ya yi kansa, Mai unguwa ya daka masa tsawa.

*

Muka koma shago, ruwa na dukan kwano har ba a jin magana sosai. Walter ya karɓi kaset ɗin. Robar ta koɗe, ta yi fari-fari.

Mai unguwa ya ce, "Zailani, me ya kai ka?"

"Ranka ya daɗe, ni ban yi sata ba. Gyara nake. Shi da bakinsa ya ce rana tana cinye abin da ya zuba. To ta cinye nasa mana, na asalin ya fito! Ai ko riga aka ɓata da mugun ɗinki, in ka farke, zanen gwani yana nan a ƙasa. Da ya fito zan mayar da shi inda na ɗauka, wallahi."

Walter ya jona talabijin da batirin mota, ya hura bakin kaset ɗin sau biyu yadda suke yi, ya zura.

Allon ya yi toka-toka, ya yi ƙyafta-ƙyafta. Can sai ga ɗan mutumin, rabin hularsa babu. Babu ganuwa, babu tsani, babu ƙasar da zai taka. Ya faɗo daga sama ya ɓace a ƙasa, ya sake fitowa daga sama ya faɗo. Haka ya yi ta yi. Walter ya danna, ya kashe ya kunna, ya sake hurawa. Ɗan mutumin dai faɗowa yake.

Zailani ya matso har hancinsa na taɓa gilashi.

"Kun gani? Nasa ya tafi! Saura kaɗan, kwana biyu kawai ya rage, na da zai fito."

Walter ya jawo aljihun tebur, ya lalubo wani gwangwanin madara, ya zazzage. Wata 'yar baƙar aba ta faɗo, ƙafafunta sun karye, gefe ɗaya ya ƙone. Ya ɗora ta a tafin hannun Zailani.

"Ga na da ɗin. Shekara biyu ke nan yana cikin gwangwani. Ba a ƙarƙashin nawa yake ba, Zailani. Babu komai a ƙarƙashin nawa."

Bahago, wanda aka kumbura wa ido a banza, cewa kawai ya yi, "Ni ko na tara ban wuce ba."

Na sha kama ɓarayi. Ɓarawon saniya ko ba komai ya ci nama, ɓarawon akuya ya sha romo. Wannan ya kwana takwas yana hawa soro yana gadin abin da yake kashewa, yana tsoron kada ruwa ya taɓa shi. Ban taɓa kama wanda ya kai shi wauta ba, kuma ban ji daɗin kamun ba. Dutsen Kufenan da aka ce an sa a ƙarshe, ni da na yi kiwo a gindinsa, da na so in ga yadda ya fito. Babu wanda ya taɓa kaiwa can sai shi Walter.

Mai unguwa ya ce, "Malam Walter, haƙƙinka ne. A kai shi wurin 'yan sanda, ko me kake so?"

Walter ya zare kaset ɗin daga inji. Ya dube shi, ya dubi salatif ɗin da na tsinto wanda ke kan tebur, bai ɗauka ba. Ya miƙa wa Zailani.

"Ba na son komai, ranka ya daɗe. Ya tafi da shi, nasa ne. Ya ci gaba da shanya."

Ya ɗauko wata rediyo da aka kawo gyara ya fara kwance ta, bai ƙara ɗagowa ba.

Bayan wata guda wani aikin akuya ya bi da ni ta lungun. Jummai tana nan da tandarta, gero ya kai gwiwa a bayan ganuwa. Na leƙa bayan gidan Zailani don sabo. Rana ta fito ranar bayan kwana uku ana ruwa, kuma ga tsanin nan an dasa shi a ramukan nan biyu, da sabon taɓo a kowane mataki.